Walnut: me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, ina neman taimako. Ina rubuta bayanin yadda ake gane itatuwan lambu, na zo kan walnut na cije. Manhajar fassara ta ba ni "goro". Goro kuwa! Ko kusa ba danginsa ba ne.

Ga siffarsa ga wanda bai sani ba. Karan ganye ɗaya na ɗauke da ƙananan ganye 5 zuwa 9, in ka murza su ka ji ƙamshi. Ɗan yana cikin koren ɓawo mai rina hannu, sai ya yi kwanaki bai fita ba. Ka fasa ƙwallon, ƙwarar ciki a murɗe take kamar ƙwaƙwalwa. In har yanzu kana kokwanto, tsaga ƙaramin reshe a tsaye: bargon ciki ɗaki-ɗaki yake kamar tsani.

Wata 'yar'uwa ta ce "gyaɗar sama". Hajiya, sunan ya yi daɗin baki, amma almond da pecan da hazelnut, su ma ƙwarorin itatuwa ne, duk a sama suke. Wa za mu ba, wa za mu hana?

Wani ya ce "baƙuwar ƙwara", wai ai asalin kalmar a tsohon Turanci ke nan. Gaskiyarka Malam, sai dai ranar da ka dasa ta a bayan ɗakinka, baƙunta ta ƙare.

"Mai ƙwaƙwalwa" ya ba ni dariya, amma mutum ake yabo da shi.

Ni dai na karkata ga "jauzi", daga Larabci, jauz. Ta wannan hanya inabi da zaitun da rumman suka shigo mana, babu wanda ya yi musu kallon bare. An tuna mini cewa Larabawa na kiran kwakwa jauzul hindi. To mu muna da kwakwarmu, kan kowa ba zai ɗaure ba.

Kuma sunan jauzi yana raba mana iri biyun walnut da ake yawan rikitawa. Wanda na siffanta, Juglans regia, shi ne jauzin Farisa. Na Arewacin Amurka, Juglans nigra, mai ƙananan ganye 15 zuwa 23 da ƙwallo mai taurin tsiya, wanda saiwarsa ke fitar da gubar da ke kashe tumatir in an shuka kusa, shi ne baƙin jauzi.

Jauzi na rubuta. Saura pecan, mai ɓawon da ke tsagewa gida huɗu. Wa ke da suna?