Na sayi katunan ƙwallon kwando da kuɗin Yayana, yanzu an ce RP daban RC daban

Ɗan Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar katunan NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ku taimaka min, wallahi barci ya gagare ni.

Ni tun ina firamare nake ƙwallon kwando. Babanmu, Allah ya ji ƙansa, shi yake kai mu ɗakin wasa na Ƙofar Mata kallon Kano Pillars, kuma a bakinsa na fara jin sunan Olajuwon, yadda yaro ya tashi daga Legas ya je Houston ya ci kofi a 1994 da 1995. Na buga wa makarantarmu har gwiwa ta hana ni. Yanzu kayan waya nake sayarwa a Farm Centre. Yayana yana aiki a Legas, shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, shi ya biya min makaranta, shi ya ba ni jari. Yana gini a nan Kano, ni nake tsaya masa. Ya turo kuɗin tayil, sai mai aikin ya ce ba zai samu zuwa ba sai bayan Sallah, kuɗin suka zauna a hannuna.

Ina da abokin karatu a Houston. Shi ya nuna min wani mutum yana sayar da katuna a dunƙule. Dama na taɓa ganin labarin katin LeBron James da aka sayar dala miliyan 5.2 a 2021. Na ce bari in juya kuɗin kafin Sallah in mayar. Ga yadda mai kayan ya rubuta:

1986 Fleer Jordan RP
1990 Hoops Akeem Olajuwon ERR?
2019 Prizm Giannis Silver PSA 10?
2023 Prizm Wembanyama RC base
RPA /99 guda ɗaya
F&F only, BMWT

Kayan sun iso wajen abokina. Ya kai wani shagon katuna, mai shagon ya ɗaga na Jordan ya ajiye gefe, ya ce wai RP ne. To ba RP ɗin ne katin shekarar farko ba? In sa a kai su PSA, kamfanin da ke tantance katuna, ko a turo min su Kano? Yaya yana zuwa hutun Sallah.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Nawa ka biya? Kuma ka ga hoton bayan katunan kafin ka biya? Ba ka faɗi ko ɗaya ba.

Alhaji Na-Texas:
Ƙanina, zauna ka saurare ni da kyau, don na daɗe a wannan harka kuma a garin da katunanka suke nake zaune.

RC shi ne katin shekarar farko ta ɗan wasa a NBA. RP kuwa sake bugawa ne, wato kwafi. Ainihin katin Jordan na Fleer 1986 lamba 57 ne, kuma yana cikin katunan da aka fi yi wa jabu a duniya. Ko wanda ya sha wuya ya lanƙwashe, dubban daloli ake saye. Babu mai hankalin da zai cusa shi cikin tarkace ya sayar maka a dunƙule. Mutumin nan bai ɓoye ba, ya rubuta maka RP ƙarara, harafi ɗaya ne ya raba ka da abin da kake zato.

Na Olajuwon ma ba kuskuren bugu ba ne. ERR suna sa wa katin da aka yi kuskure wajen buga shi, amma Akeem ɗin nan haka yake rubuta sunansa har zuwa 1991 da ya ƙara H. Duk katinsa na kafin lokacin Akeem ne, har da wanda ake ɗauka a matsayin RC ɗinsa, Fleer 1986 lamba 82. Hoops na 1990 kuwa an buga shi kamar ba gobe, yana cikin zamanin da masu harkar ke kira junk wax, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990. Har yau akwai kwalaye cike da su a garejin mutane ba a buɗe ba.

Sai alamar tambaya da ke gaban PSA 10. Wannan ita ce ta fi ba ni haushi. PSA kamfani ne da ke duba kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi cikin roba mai tauri da lambar shaida a sama, wadda za ka iya dubawa a shafinsu. In katin ba ya cikin wannan roba, sunansa raw, ba a tantance shi ba, ko me mai shi ya rubuta. Alamar tambayar tana nufin "ina fata". Kuma Giannis a 2013 ƙungiyar Milwaukee ta ɗauke shi zuwa NBA, shi ne na 15 a zaɓen shekarar. RC ɗinsa na 2013-14 ne. Na 2019 katin shekara ta bakwai ne.

Kada ka kai ko ɗaya PSA. Kuɗin tantancewa zai fi kuɗin katin.

Ɗan Ƙofar Mata:
Na gode Alhaji. Amma gaskiya ban yi abin nan da ka ba. Na yi bincike, na ga farashin Jordan 1986, na ga na Giannis Prizm PSA 10. Kuma mai shagon nan saye yake so ya yi, dole ya kushe kaya. Mu ma a kasuwa mun san wannan. Ba zai yiwu a ce RP ɗin yana nufin wani abu daban ba? Na ga ana rubuta RPA, ai da RP ya fara.

Alhaji Na-Texas:
Ba su haɗa hanya ba. RPA kati ne na shekarar farko mai ƙyallen riga a jiki da sa hannun ɗan wasa. Shi ne irin na LeBron da ka ambata, Exquisite na 2003-04, kuma wanda aka sayar ɗin kwafi 23 kacal aka buga. Ka ga /99 ɗin da ke jikin naka? Yana nufin 99 aka yi. /25 ya fi ƙaranci, /10 ya fi, 1/1 shi kaɗai ne a duniya. A cikin kayanka wannan ne kawai zan so in gani. Waye a jiki? Sa hannun a kan katin yake, ko a kan sitika aka yi aka manna? Na kan kati ya fi daraja. Sannan ka sa abokinka ya karanta bayan katin. In an rubuta cewa an sa rigar a wasa, wannan daban. Da yawa cewa suke ƙyallen ba daga wani wasa takamaimai ba ne.

Farashin da ka gani kuma, na wanda ake nema ne ko na wanda aka sayar? Kowa na iya sa dala dubu a kan kati. Mu abin da aka biya a cinikin baya-bayan nan muke dubawa, shi ake kira comps.

Maman Amira:
Alhaji ban yarda da kai ba a kan kada ya kai ko ɗaya. Ɗana yana wannan harka a nan Ohio, na san yadda take. Wembanyama na 2023 RC ne na gaske, yaron shi aka fara ɗauka a shekarar, San Antonio. Giannis Silver ma ba abin yarwa ba ne, in ka juya bayansa za ka ga an rubuta PRIZM, shi ke nuna ba gama-gari ba ne. In kusurwoyin suna da kaifi kuma hoton ya zauna a tsakiya, me zai hana ya gwada biyun nan? Ɗana ya taɓa samun 10.

Ni dai abin da ke damuna da harkar nan shi ne yadda take cinye kuɗin yara. Nawa yana aikin ƙarshen mako, duk abin da ya samu sai ya zuba a break, wato a haɗa kuɗi a sayi kwali, a buɗe kai tsaye a bidiyo, kowa ya ɗauki katunan ƙungiyar da ta faɗo masa. Wani dare sai ya tashi da kati uku da ba su kai kuɗin burodi ba. Na yi faɗa na gaji, babansa kuma ya ce in bar shi wai yana koyon kasuwanci.

Alhaji Na-Texas:
Hajiya, base ne fa. Shi ne wanda aka fi bugawa a kowane jeri. Ki sa ɗanki ya buɗe pop report, wato ƙididdigar da PSA ke fitarwa ta yawan kwafin da suka samu kowane maki, ki ga dubban Wembanyama base da suka riga suka samu 10. In kuma ya dawo da 9, ya yi asara. Ga jira, ba za su dawo kafin Sallah ba. Ni abin da na faɗa shi ne.

Malam Sani Zariya:
Ni ban san RP ko RC ba. Abin da na sani shi ne kuɗin amana ne, kuma an taɓa su ba da izinin mai su ba. Ɗan uwa, kira Yayanka yau, kafin ya ji a bakin mai tayil. Wannan break da Hajiya ta kwatanta kuma, a biya kuɗi ba a san abin da za a samu ba, ya kamata a tambayi malamai, don ni dai caca nake gani a ciki.

Ɗan Ƙofar Mata:
Malam ni ban yi break ba, kaya na saya na gani da idona a hoto. Kuma ba cin amana na yi niyya ba, Allah shaida ne. Kuɗin zaune suke, naira kullum faɗuwa take, na ga gara a mayar da su wani abu mai daraja da dala. Da an samu riba ai ginin zan ƙara wa. Ba ku san Yaya ba, mutum ne mai hawan jini, ba zan kira shi da rabin magana ba sai na san matsayin kayan.

Baban Khalifa:
Har yanzu ba ka faɗi nawa ba ne.

Ɗan Zongo Kumasi:
Ko me za ka yi, kada ka ce a turo maka su Kano. Wa zai saya a nan? Ni na taɓa sa a aiko min da riguna da takalman ƙwallon kwando daga New York, kamfanin aiken suka riƙe kayan wata da watanni, kwalin ya iso a jiƙe, na biya kuɗin fito ya kusa kuɗin kayan, na kira su har na gaji babu mai ɗauka. Har yau ban huce ba. Takalmi ma ke nan, ina ga takarda da ɗan lanƙwasa kaɗan ke kashe ta. Ka bar su can inda kasuwarsu take.

Abban Hanifa:
Ku tsaya, babu wanda ya yi maganar layin ƙarshe. BMWT ba matsala, ambulan ce mai kumfa da lambar bibiya. F&F ɗin ne abin tsoro. A PayPal, manhajar tura kuɗi, hanya biyu ce: G&S ta ciniki, wadda in kaya ba su zo yadda aka faɗa ba za ka iya kai ƙara, da F&F ta tura wa dangi da abokai, wadda babu wannan kariyar. Baƙo ya ce maka F&F kawai, to ka san me yake gudu. Abokinka ta wace ya biya? Ni shawarata ya koma wa mutumin da lalama, ya ce a mayar da kaya ko da za a cire wani abu.

Alhaji Na-Texas:
Ba zai karɓa ba. Ya rubuta RP, ya sa alamar tambaya, ya kare kansa ta ko'ina. Cinikin biri a sama aka yi, an gama. Abin yi guda ne: a sa kowane kati a leda da roba mai tauri, a ɗauki hoto gaba da baya, a sayar da Giannis da Wembanyama da RPA ɗin ɗaya-ɗaya a raw, a kan comps. Na Jordan a rubuta kwafi da manyan baƙi, kada ka yi wa wani abin da aka yi maka. Na Olajuwon ka riƙe, tunda kana son sa, shi ne mu ke ce wa PC, abin da mutum ya ajiye don kansa. Abin da ya rage ka cike daga shagonka.

Maman Amira:
In ya sayar a raw yanzu cikin gaggawa ai 'yan sari ne za su kwashe, su kai PSA su ci ribar. Ni dai na ce ya gwada Giannis ɗin.

Ɗan Ƙofar Mata:
Abban Hanifa, ta F&F ya biya, mutumin ya ce in ta ɗayar ce sai an ƙara kuɗi, ni kuma na ce a rage kashewa. Abokina ya tura masa saƙo, ya gani bai amsa ba, amma wataƙila aiki ne ya yi masa yawa, hotonsa da iyalinsa ne a shafin, bai yi kama da macuci ba.

RPA ɗin na duba, wani ɗan wasa ne da ban san shi ba, abokina ya ce ba ya ma NBA yanzu. Sa hannun a kan wani abu mai sheƙi yake, kamar an manna. Amma 99 ne kawai a duk duniya, dole akwai mai nema.

Na Jordan kuma ban gamsu ba tukuna. Abokina ya ce takardar tsohuwa ce, har ta ɗan yi ja a gefe. In sabon bugu ne ta yaya za ta tsufa? Ina tunanin shi kaɗai zan kai PSA, su dai ba saye za su yi ba, za su faɗi gaskiya. Akwai wanda ya san nawa suke karɓa a kati ɗaya, kuma ko suna da na gaggawa da zai fito kafin Sallah?

Malam Sani Zariya:
Da wane kuɗin za ka biya su?