Injin leza ko na filasma?

Mai Walda, Zango: Salama alaikum. Ƙofofin ƙarfe nake yi nan Damagaram, yanzu kowa mai zanen fure yake so. In nemi injin leza na yankan ƙarfe?

Tsohon Maƙeri: Ɗana, lallaɓa da filasma, injin da ke yanka da lantarki da iska mai tsananin zafi. Bakin yankan da kaushi, sai ka goge, amma ya fi araha nesa.

Injiniya: Gaskiyar Baba ce, sai dai wajen zane mai laushi leza ba ta da na biyu. Haske ake tarawa wuri guda ya narkar da ƙarfen, iskar gas ta hure narkakken. Oksijin ga baƙin ƙarfe, naitirojin ga wanda ba ya tsatsa, don kada bakin ya ƙone. Ka kula da ƙurar hunturu, tana lalata gilashin da ke tara hasken. Kuma dole injin sanyaya ruwa, don kada injin lezar ya yi zafi.

Mai Walda: To fa! Ga zafin Afrilu.