Rufaffen direban katin hoto: shin alƙawarin shekara biyar ya hau kansa?

Injiniya Mai Saba: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake so mu tattauna. Ubuntu, ɗaya daga cikin tsare-tsaren kwamfuta na Linux, na fitar da sigar LTS, wato mai dogon zango, duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, da alƙawarin kulawa na shekara 5, mai rijistar Ubuntu Pro, shirin ƙarin kulawa, kuma ya samu 10. Ni ra'ayina, bai kamata wannan alƙawari ya haɗa da rufaffen direban katin hoto ba, wato manhajar da ke sarrafa katin da ke fitar da hoto a allo, irin na NVIDIA wanda kamfanin ya riƙe asalin rubutunsa. Abin da ba ka iya buɗewa ka duba cikinsa, ba ka da ikon yi masa faci. To da wane baki za ka ce ka ɗauki nauyinsa?

Malama Mai Zane: Wa alaikumus salam Injiniya. Ni kam ban yarda ba. Aikina zanen gine-gine ne, kuma kati ne ke ɗaukar nauyin aikin. Akwai ranar da na sabunta kwamfutata da dare na kashe ta, da safe na kunna sai baƙin allo, ɗan layi ɗaya kawai yana ƙiftawa a kusurwar hagu. Ga aiki ana jira. Na zaɓi siga mai dogon zango ne don kada irin haka ta same ni. In an ce ana kula da komai ban da abin da ke kunna min allo, me aka kula min da shi?

Ɗan Debian: Malama, ki yi haƙuri, na san zafin abin. Amma a duba tushen matsalar. Kenel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, ba ya alƙawarin cewa mahaɗunsa na ciki za su zauna yadda suke. Direban da ke cikin kenel, in an canza wani abu, masu canjin su suke gyara shi tare. Na waje kuwa sai wata manhaja mai suna DKMS ta sake gina shi duk lokacin da sabon kenel ya sauka, in ginin ya ƙi, shi ne baƙin allon nan. Kuma da zarar an loda rufaffen direba, kenel yana yi wa kansa alamar cewa an gauraya shi, masu kenel galibi ba sa karɓar rahoton matsala daga irin wannan injin. Shi ya sa Debian, wani tsarin Linux ɗin, ta ware irin waɗannan a sashen non-free, ta ce ba sa cikin ainihin Debian.

Malama Mai Zane: To amma ita Debian ɗin ba ta sassauta ba? A 2022 suka kaɗa ƙuri'a, Debian 12 ta fito a 2023 da rufaffen famwaya, wato manhajar da ke gudana a cikin na'urar kanta, a cikin faifan girkawa.

Ɗan Debian: Gaskiyarki. Sai dai wancan don injin ya tashi ne, waya-fai ta kama. Ba su ce za su gyara cikinsa ba.

Baba Mai Gyara: Yara, ku bari in sa baki, na daɗe ina kwance injina ina ɗaurawa. Kalmar "kulawa" ce kuke ja a kai, alhali aiki biyu ne a cikinta. Na farko, a shirya direban, a gwada shi da kowane kenel kafin a sake shi, a sa masa hannu don Secure Boot, tsaron da ke tantance manhaja lokacin kunna inji, ya karɓe shi, in kamfani ya fitar da gyaran tsaro a miƙo wa jama'a da wuri. Wannan duk mai rarraba tsarin zai iya, kuma Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, na yin sa a sashen restricted. Na biyu, a shiga cikin direban a toshe ɓaraka. Wannan sai mai shi. Ranar da kamfani ya janye hannu, aiki na biyu ya mutu, ko da saura shekara nawa a alƙawarin. NVIDIA ta daina kula da layin direbanta na 340 a ƙarshen 2019, layin 390 a ƙarshen 2022, layin 470 na tsofaffin katunanta samfurin Kepler kuma a 2024. Katunan nan da yawa lafiyarsu ƙalau, fankarsu na juyawa, na sha goge musu ƙura na mayar. Abin da ke damuna shi ne mai injin bai san an bar shi ba, tunda sauran afdet na ci gaba da zuwa masa.

Injiniya Mai Saba: Baba, ai maganata ke nan. A cire shi kawai, kowa ya san matsayinsa. An taɓa yi: Ubuntu 16.04 ta ajiye fglrx, rufaffen direban katunan kamfanin AMD, aka koma buɗaɗɗun radeon da amdgpu, yau masu katin AMD ba sa wannan fargabar.

Baba Mai Gyara: A'a Injiniya, ba maganarka ba ce. Wancan ya yiwu ne don AMD da kanta ta sa ma'aikatanta a buɗaɗɗen direban. In ka cire na NVIDIA yau, mutane ba za su daina amfani da shi ba. Za su je su sauko da shi da hannu, babu mai gwada musu, babu mai tuna musu gyaran tsaro. Ka ƙara musu haɗari ke nan.

Ɗalibi: Malamai, tambaya gare ni. Nouveau fa, buɗaɗɗen direban da wasu suka rubuta wa katunan NVIDIA? Kuma na ji NVIDIA ta buɗe nata.

Ɗan Debian: Nouveau zai kunna maka allo, amma a katuna da yawa ba ya kai kati ga cikakken gudunsa, kuma babu CUDA, fasahar NVIDIA ta sa kati yin lissafi mai nauyi. Abin da NVIDIA ta buɗe a Mayun 2022 ɓangaren kenel ne kawai, daga katunanta samfurin Turing zuwa sama. Sauran ɓangarorin da famwayar suna nan a rufe, tsofaffin katunan da Baba ke magana kuma ba sa ciki.

Malama Mai Zane: Ni dai buƙatata biyu. Kada a sako min kenel sai an gwada shi da direban da su da kansu suka ba ni in girka. Sannan ranar da kamfani zai daina kula da katina, a rubuto min a allo ɓaro-ɓaro, da kwanan wata, tun da sauran lokaci.

Injiniya Mai Saba: Ta biyun na amince da ita ɗari bisa ɗari, Malama. Ta farkon ce har yanzu nake tambaya: in an gano ɓaraka a kenel yau, direban kuma ya ƙi ginuwa da gyaran, kwana nawa za a riƙe gyaran tsaron miliyoyin injina ana jiran kamfani ɗaya?