Neman shawara: likita ya ce a cire mini haƙori, ni kuma tsoro ya hana ni komawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni mace ce mai shekara 41, ina zaune a Unguwar Sanusi a Kaduna, kuma wata uku ke nan ina fama da turmin haƙorina na sama ta ɓangaren hagu, wanda ya yi kogo. Da farko ruwan sanyi kawai yake hana ni sha, idan na cusa kanumfari a ramin sai ya lafa, amma yanzu ciwon yana tayar da ni cikin dare har kunnena da rabin kaina su ɗauka. Na je asibiti an ɗauki hoto, likita ya ce ruɓar ta kai ga jijiya, ya ba ni ranar Talata in koma a cire. Abin da ya tsayar da ni shi ne surukata ta dage cewa duk wanda aka cire wa haƙorin sama ganinsa yana raguwa, ga shi kuma shekara huɗu ke nan ina shan maganin hawan jini. Don Allah masu sani su taimaka mini da shawara.

Maman Sadiƙ, Kawo:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. An cire mini na sama har guda biyu, kuma har yau ina zura zare a allura ba tare da tabarau ba. Allurar kashe zafi da ake yi a dasashi ita ce kaɗai ta ɗan cije ni, bayan ta kama kuwa ba abin da na ji sai dannawa da girgizawa.

Baban Ummi, ma'aikacin sashen haƙori, Tudun Wada:
Hajiya, da girmamawa ga Mama, maganar ido ba ta da tushe. Jijiyar gani daban take da jijiyar da ke kai ji ga haƙora, kuma cirewar ba ta kusantarta. Ina zaton abin da ya haifar da zancen shi ne, idan haƙorin sama ya tara mugunya, kumburin yakan hau kunci har ya kai ƙarƙashin ido, sai mutane su ɗora laifin a kan cirewar, alhali jinkirin ne ya jawo. Kanumfari yana kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ba ya tsayar da ruɓa.

Game da hawan jini, ki sha maganinki kamar kullum, ki ci abinci kafin ki fita, ki tafi da kwalayen duk magungunan da kike sha, domin za a auna jininki kafin a taɓa ki, idan ya hau da yawa a ɗage aikin. In akwai asfirin ko wani maganin tsinka jini a ciki, ki faɗa wa likita, amma kada ki daina sha da kanki. Bayan an cire, ki cije audugar da za a sa miki na minti 30 zuwa 45. Cikin awa 24 na farko kada ki kurkure baki, kada ki riƙa tofar da yawu da ƙarfi, kada ki tsotsi abin sha da tsinke, kuma ki bar kunu ya huce kafin ki sha. Gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfin ciwon. Washegari ki fara riƙe ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri a baki, a hankali, bayan kowane cin abinci.

Hajiya Babba, Malali:
'Yata, kafin Talata ki tambayi likitan ko haƙorin zai ceto ta hanyar cire jijiyar a cike shi. Ya fi tsada kuma sai an yi zuwa biyu ko uku, amma giɓin turmi yakan sa maƙwabtansa su karkata. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki kai hoton zuwa Asibitin Barau Dikko ko Asibitin 44 wani likitan ya ƙara dubawa.

Abu Hanif, Rigasa:
Ni alwala ce ta kai ni. Ranar da aka cire nawa na kurkure baki sosai a kowace salla, kwana uku bayan nan ramin ya bushe, na ji azabar da ta fi ciwon farko, sai da na koma aka wanke aka sa magani. Daga baya malaminmu ya tunatar da ni cewa kurkurar baki sunna ce a mazhabar Malikiyya, barinta saboda lalura ba ya ɓata alwala.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira likitan a kan shawarar Hajiya Babba, ya ce bangon haƙorin ya karye har ƙasan dasashi, ciko ba zai zauna ba. Zan je ranar Talata in sha Allahu, kuma na roƙi maigidana ya karanta wa Mama bayanin Baban Ummi da kansa.