Neman kalma: me za mu kira kolajin da Hausa?

Malamin Bayoloji: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ku taimaka min, ina rubuta wa yaran ajina darasi da Hausa a kan abin da ke riƙe da jikin mutum, na zo kan kolajin na tsaya cak. Wasu na ga suna rubuta "danƙon jiki", wasu "sinadarin gyaran fata", wannan na biyun kam masu tallan man shafawa ne suka jawo mana shi kuma gaskiya yana ɓata min rai, domin abin ya wuce fata nesa ba kusa ba. Shi ne furotin mafi yawa a jikinmu, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk furotin ɗin jiki, yana cikin fata, ƙashi, guringuntsi, agara, har baƙin ido wannan fatar mai haske da ke samansa, kuma an gano iri 28 nasa. Ta yaya za a ce abu kamar wannan sunansa na gyaran fata ne kawai?

Mai kemis: Wa'alaikumus salam Malam. Ni fa ban ga laifin "danƙon jiki" ba, ai asalin kalmar ma daga Girkanci take, kolla na nufin abin liƙi, wato abin da ke haifar da gam, saboda da can ƙashi da fata ake dafawa a yi gam ɗin kafintoci. To in su sun kira shi da gam mu me zai hana mu ce danƙo?

Malamin Bayoloji: Yaya ai nan ne matsalar take. Su sun raɗa masa suna ne tun ba su san yadda yake ba, sun kira shi da abin da yake zama bayan an dafa shi ya lalace. Mu kuma da muka zo daga baya mun riga mun ga siffarsa, bai kamata mu gaji wannan kuskuren ba. Yaro in ya ji danƙo abin da zai zo masa a rai abu ne mai talewa kamar na gwafa ko cingam, shi kuwa kolajin aikinsa ƙin talewa ne, in da agara tana talewa kamar danƙo ai da ko tsalle ba za ka iya ba.

Bari in faɗi siffar tasa ko wani zai ga kalmar a ciki. A 1954 wani masanin Indiya, G. N. Ramachandran, da abokin aikinsa Gopinath Kartha a Jami'ar Madras suka haska jijiyar wutsiyar kangaru da hasken eksire, suka fito da cewa zare uku ne a tare, a 1955 suka gyara suka ce zaren ukun murɗe suke da juna. A shekarar ne wasu masana biyu, Rich da Crick, a Ingila suka fitar da nasu gyaran. Kowane zare amino asid ne, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su, wajen 1,000 a jere, kuma kowane na uku a jerin gilaisin ne, mafi ƙanƙanta a cikinsu, saboda tsakiyar murɗin matsattsiya ce shi kaɗai ke iya shiga. Abin da ya fi burge ni shi ne kowane zare murɗinsa na hagu ne amma da suka haɗu su ukun sai suka murɗe ta dama.

Uwargida: Malam ai wannan kitso ne ka siffanta, gida uku ake raba gashi a kitsa. A ce "kitson jiki" mana.

Mai kemis: Hajiya kitso zai ruɗa mutane, za a ɗauka da gashi yake da alaƙa alhali gashi wani furotin ne daban, keratin. Kuma a kitso tsallake ake yi ɗaya bisa ɗaya, shi wannan murɗi ne.

Dattijon majemi: Yarana ku bari in sa baki, jikana ne ke rubuta min. Malam abin da ka faɗa na hagu da dama, duk wanda ya taɓa tufka igiyar rama ya san shi. Kowane silli kana murza shi gefe guda a cinya sannan ka haɗa su ka kai su ɗaya gefen, in ka yi su duk gefe ɗaya kana saki za ta warware, wannan saɓanin shi ne ke kulle ta. Sunan abin tufka. Ni shekaruna duk a kan fata suka ƙare, in ka yaga jemammiyar fata ka duba bakin yagar za ka ga ƴan zare-zare, mun san da su tun muna yara, muna jiƙa fata a toka gashi ya zube, mu sa ta a ruwan bagaruwa ta kama, ta daina ruɓewa. Ashe zaren nan ne bagaruwa ke kamawa?

Malamin Bayoloji: Allah ya ƙara girma Baba, shi ne wlh. Ɗacin nan na bagaruwa shi ke shiga tsakanin zarurrukan ya ɗaure su, shi ya sa ruwa da ruɓa ba sa cin kirgi kamar ɗanyar fata. Kuma ka ga ikon Allah, shi ma Ramachandran ɗin cibiyar binciken fatu ce ta Madras ta taimaka masa da samfurin da ya yi aiki da shi, wato ta hannun masu jima abin ya biyo. Tufka kam ta zauna min. "Tufkar jiki".

Uwargida: To na janye kitso, amma ku tsaya, in kolajin tufka ne ai kun samu sunan jelatin a kyauta. Ranar da na dafa farfesun ƙafar sa ko ganda ya kwana a firji, da safe romon ya daskare yana rawa kamar kamu, shi ne jelatin ko? To tufka ce ta warware a tukunya. Tufka da warwara kenan.

Malamin Bayoloji: Hajiya Allah ya biya ki, wannan ya fi abin da na zo nema. Haka yake daidai, zafi ke raba zaren ukun su watse cikin ruwa, in ya huce sai wasu sassan su sake ƙoƙarin murɗewa nan da can su riƙe ruwan a tsakani, shi ne daskarewar. Kin ga yanzu har ciwon rashin bitamin C zan iya bayaninsa da jimla ɗaya: akwai wani gyara da jiki ke yi wa furolin, wani amino asid da ke cikin zaren, kafin tufkar ta kullu, gyaran ba ya yiwuwa sai da bitamin C, in babu sai tufka ta yi sako-sako, dasashi ya fara jini, tsohon rauni ya sake buɗewa, abin da ya riƙa kashe matuƙan jiragen ruwa kenan, shi ne wani likita, James Lind, ya gwada lemo a kansu a 1747. Da "danƙo" ba zan iya wannan bayanin ba.

Mai kemis: Na yarda tufka ta fi danƙo, amma Malam kar mu yaudari kanmu, kullum mata na zuwa shagona suna cewa a ba su kolajin, a jikin kwali ma haka aka rubuta, babu wadda za ta ce a ba ta tufkar jiki. Ni dai a bar kolajin yadda muka bar asibiti da allura ta likita, tufkar ta zama bayani. Sannan "warwara" ita kaɗai ba za ta tsaya a matsayin suna ba, in na ce kafson nan da warwara aka yi shi wa zai gane? Kuma maganar jelatin ba ta wasa ba ce a wurinmu, kaso mai yawa na wanda ake yi a duniya daga fatar alade ne, mutane na tambayata a kai.

Ɗalibar kimiyya: Yaya mai kemis wannan ne ya kawo ni. Yanzu ana iya yin kolajin ba tare da an yanka dabba ba, ana ɗaukar ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin yin sa a sa wa wani irin yis, Pichia pastoris, a zuba shi a manyan tankuna a ciyar da shi ya yi ta fitarwa. Wahalar da masana suka sha ita ce wannan gyaran furolin da Malam ya ambata, yis ba shi da injin yin sa irin namu, wato wani enzayim, sai da aka haɗa masa da ƙwayar gadon enzayim ɗin sannan tufkar ta iya jure zafin jiki. Hanyar ba baƙuwa ba ce, insulin na masu ciwon sukari da baktiriya ke yi an amince da shi tun 1982, tsamin da ake sa wa lemon kwalba baƙar fumfuna ce ke yin sa daga sukari, irin wadda muke gani a jikin albasa, farin magi ma tun shekarun 1950 a Japan baktiriya ke yin sa. Damuwata ita ce duk inda na ji ana fassara waɗannan halittu sai a ce "ƙwayoyin cuta". Wace cuta? Su fa ke mayar mana da madara kindirmo, su ke mayar da kalwa daddawa. In ka ce wa mutum an yi maganinsa da ƙwayoyin cuta ai ka kore shi.

Uwargida: A ce tsimi mana ko tsimawa, tunda barin abu ake yi ya kwana ya canja.

Ɗalibar kimiyya: Anti tsimawa ta dace da daddawa da kindirmo, inda abincin kansa ne ke canjawa mu ci. A tanki kuwa halittun ake ciyarwa, a kula da zafinsu da iskarsu, sannan a tatsi abin da suka fitar, ni kiwo nake gani. Na so in ce "kiwon ƙwayoyi" sai na tuna abin da ƙwaya ke nufi a bakin matasa yanzu, shi ya sa nake ganin "kiwon ƙananan halittu".

Malamin Bayoloji: To ga yadda zan sa a darasin, in da gyara a yi min kafin Litinin. "Kolajin, wato tufkar jiki, zare uku ne murɗaɗɗu da ke riƙe fata da ƙashi da jijiya. In aka dafa ta sai ta zama jelatin, wato warwararriyar tufka. Ana samun ta daga dabba, ana kuma samun ta ta hanyar kiwon ƙananan halittu." Yaya na bar maka kolajin ɗinka a gaba saboda jarrabawa da kwalin magani, amma duk inda ya fito tufka na biye da shi, kuma "sinadarin gyaran fata" da "ƙwayoyin cuta" ba za su shiga ajina a wannan babin ba.

Dattijon majemi: Malam ka aiko yaro gobe, zan ba shi guntun ɗanyar fata da guntun kirgi da rama. Kar ka kai musu igiya tufkakkiya, ka ba su silli uku su murza da hannunsu, wasu su yi duk gefe ɗaya wasu su saɓa, sannan kowa ya saki tasa.