Wai abincin zamani ne ya kawo mana sikila?

Baffa Sale: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ji an dakatar da maganar auren Amina saboda gwajin jini, wai ita AS, mai neman ta ma AS, wato su biyun suna ɗauke da sikila a jininsu. Ni dai ban gamsu ba. Mun taso a Tudun Wada ba mu san wata sikila ba. Sai da aka shiga cin abincin gwangwani da kayan ɗanɗano da amfanin gonar da aka yi wa feshi, sannan jinin yara ya lalace. A gyara cima, a bar yara su yi aurensu.

Yaya Bashir: Wa alaikumus salam Baffa. Ni kuwa auren zumunci nake zargi. Jini ɗaya yana ta zagaye a gida ɗaya, ai dole ya yi rauni.

Hadiza: Baffa, Allah ya ƙara girma, ku ba ni izini in ja da ku, don aikina ke nan kullum a ɗakin gwaji. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai DNA, saƙon halitta da aka jera da haruffa huɗu, A da T da G da C, kimanin biliyan 3. Duk sanda ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe saƙon nan kaf, kamar mai kwafe littafi da hannu. Tana da masu bin baya suna gyara, amma jefi-jefi harafi yakan kuɓuce. Sikila harafi ɗaya ce tak. A wurin da ke tsara sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, GAG ya koma GTG. Shi ke nan, idan iska ta yi ƙaranci ƙwayar jini sai ta lanƙwashe ta sandare, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Sauyin nan ya faru dubban shekaru da suka wuce, kakanni ke miƙo shi: wanda ya gaje shi daga uwa da uba duka shi ne SS mai ciwon, wanda ya gada daga ɗayansu AS, wanda bai gada ba AA. Tun 1910 wani likita a Amurka, James Herrick, ya bayyana cutar a rubuce, kafin a san kayan ɗanɗano a kasuwanninmu.

Gwaggo Asabe: Sale, ka manta maƙwabciyarmu da ta binne 'ya'ya huɗu a jere, babu wanda ya kai shekara biyar? Hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi ɗorawa, yaro ya kwana yana ihu. Aka ce wabi take yi, har da tsaga wa na ƙarshen fuska don kada ya koma. Cutar tana nan tun da, yaran ne ba sa daɗewa balle ka san su.

Baffa Sale: Na tuna, Yaya. To amma kuna nufin duk wannan dagwalon da muke ci ba ya taɓa halittar mutum?

Nura: Yana taɓawa Baffa, a nan kuna da gaskiya. Masara ko gyaɗar da aka adana da danshi ta yi fumfuna tana fitar da wata guba, aflatoksin. Idan ta isa hanta tana manne wa DNA, tana sauya harafi a wani ɓangare da ake kira TP53, wanda aikinsa shi ne taka wa ƙwayar da ta lalace birki. Idan mutum yana da ciwon hanta nau'in B a kai, haɗarin dajin hanta ya ninka sosai. Haka hayaƙin taba yake yi wa huhu, haka zafin rana yake yi wa fatar zabiya, shi ya sa dajin fata ke addabar su. Sai dai duk wannan ɓarnar a jikin mai ita take tsayawa. Hantar uba ba ta shiga cikin ɗa. Abin da ɗa ke gada shi ne abin da ke cikin maniyyi da ƙwan mace. Ko Amina ta koma cin zogale da fura zalla, AS ɗinta ba zai koma AA ba.

Yaya Bashir: Maganata fa ba a amsa ba.

Hadiza: Yaya, auren zumunci ba ya ƙirƙiro sauyin, amma idan yana cikin dangi yana ƙara yiwuwar masu ɗauke da shi su haɗu. Sai dai a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, ko bare ka auro daga ina za ka iya dacewa da shi. Yaron da ke neman Amina ai ba mu haɗa ko kakan kaka da shi ba.

Yaya Bashir: To in dai kuskure ne guda ɗaya, me ya sa ya cika ƙasarmu, Turawa kuma sai ɗai-ɗai?

Nura: Zazzaɓin cizon sauro ne. A 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna a gabashin Afirka cewa yara masu AS sun fi tsira daga gare shi. Inda sauro ke kashe yara, masu AS suka fi rayuwa har su hayayyafa, sai sauyin ya bazu. Kariya ce ga wanda ya gaji guda, azaba ga wanda ya gaji biyu. Ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da cutar kowace shekara a ƙasar nan, babu ƙasar da ta kai mu.

Anti Rakiya: Tun ɗazu ina karantawa ina share hawaye. Baffa, mu ma an gaya mana, muka ce ai ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ne ke fitowa SS, ma haifi uku mu tsaya. Ashe kowane ciki lissafinsa daban. 'Ya'yana uku, biyu SS. Idan hunturu ya shigo ba na barcin kirki. Yaron zai ce Umma ƙashina ake sara, in dafa ruwa in gasa masa, in ɗura masa ruwa, in abu ya ƙi mu nufi asibiti cikin dare daga Rigasa muna neman mai ba da jini. Ga kuɗin magani duk wata, ga makaranta da ake ta fashi. Ina son su kamar raina, amma wallahi ba zan so Amina ta ga abin da nake gani ba.

Baffa Sale: Allah ya ba su lafiya Rakiya, ya saka miki. Amma cuta da lafiya na Allah ne, ana iya haifar goma babu mai ita. Yarinyar nan kwana take kuka.

Gwaggo Asabe: Kukan wata uku ya fi na shekara talatin sauƙi, Sale.

Baffa Sale: To ni sharaɗina ɗaya. A sake gwajin. Na sha jin an ce wa mutum AA daga baya ya zama AS.

Hadiza: Wannan kam ina tare da ku. Jinin ba ya sauyawa, masu gwajin ne kan yi kuskure, musamman a ƙananan wurare, ko idan an yi wa mutum ƙarin jini bai daɗe ba. Su je babban asibiti, Barau Dikko ko Shika, su biyun tare, kowa ya karɓi takardarsa da hannunsa. A duba har da nau'in C, wani sauyin harafin daban, don AS da AC ma suna iya haifar SC, ita ma sikila ce.

Baffa Sale: Ki kira mahaifiyarta ku sa rana, ni zan kai su. Nura, kai kuma ka zo ka duba min buhunan masarar da ke shago, akwai waɗanda ruwa ya taɓa da damina.