Neman kalma: me za mu kira "racino" da Hausa?

Bakatsine:
Assalamu alaikum. Malamai, a taimaka da kalma. A labaran Amurka ana yawan cin karo da kalmar Turanci racino, wadda aka ƙera daga rabin sunan filin tseren dawaki da rabin sunan gidan caca. Filin tsere ne da aka ba shi lasisin girka injinan caca. Maganar takan taso ne idan ƙaramin gari ya rasa masana'antunsa, sai wani kamfani ya zo da tayin gina irin wannan wuri, ya yi alkawarin ayyukan yi da haraji. Wasu sun rubuta "gidan cacar sukuwa", wasu "filin sukuwa na zamani", wasu kuma sun bar ta "rasino". Wanne ya kamata mu tsaya a kai?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam, Malam. "Gidan cacar sukuwa" dai a jingine shi tun yanzu. Mutumin Nijar in ya ji haka, PMU na Lonani, kamfanin cacar gwamnatin Nijar, zai zo masa a rai: ka zaɓi lambobin dawaki uku ko huɗu da za su yi tsere a Faransa, a tara kuɗin kowa wuri guda, kamfani ya cire nasa, a raba saura ga waɗanda suka canka daidai. Wannan caca ce a kan doki, kuma a filayen tsere an daɗe ana yin ta, ba ta buƙatar sabon suna. Abin da racino ta ƙaro shi ne babban zaure cike da injinan kalo-kalo, inda doki ba shi da hannu ko kaɗan a ci ko faɗuwa. Kwamfutar da ke cikin injin ce ke fitar da lamba duk lokacin da aka danna. Mutum zai iya wuni a zauren bai ga ko kofaton doki ba.

Bazazzagiya:
Na goyi bayan ɗan'uwana na Damagaram, kuma "filin sukuwa na zamani" ya fi wancan hatsari, domin ya ɓoye cacar gaba ɗaya. A dubi abin da ya faru a jihar Maine a Nuwamban 2003. A rana ɗaya, a takardar ƙuri'a ɗaya, aka yi wa jama'a tambayoyi biyu. Ta farko, a yarda ƙabilun Penobscot da Passamaquoddy, 'yan asalin ƙasar, su gina babban gidan caca a kudancin jihar? Aka yi watsi da ita, kusan biyu bisa uku suka ce a'a. Ta biyu, a yarda a sa injinan caca a filayen tseren dawaki don a ceto sana'ar kiwon doki, a kuma tallafa wa tsofaffi da kuɗin magani da ɗalibai da kuɗin karatu? Wannan ta wuce. Injin iri ɗaya ne. Sunan doki ne ya shigar da ita. An fake da guzuma an harbi karsana.

Garin Bangor, mai mutane dubu talatin da 'yan kai, shi ya amince a sa injinan a ƙarƙashin filin tserensa. Kamfanin Penn National ya buɗe Hollywood Slots a Nuwamban 2005 a wani tsohon gidan abinci, da injuna 475. A 2008 ya koma sabon ginin da ya ci sama da dala miliyan 130, da otal da benen ajiye motoci da injuna kusan dubu. A 2011 mutanen gundumar Penobscot, inda Bangor take, suka amince a ƙara cacar tebur, wato karta da makamantanta, a 2012 aka sauya suna ya koma Hollywood Casino. Cikin shekara bakwai kenan daga buɗewa, wurin ya zama cikakken gidan caca, irin wanda aka ƙi a 2003. Don haka duk kalmar da za mu ɗauka, "gidan caca" ya zo a gaba.

Wani abu kuma: ginin cacar Bangor ba a cikin filin tseren yake ba. Yana tsallaken titi, yana kallon Bass Park inda filin yake. Kenan kada mu ce "gidan caca a cikin filin sukuwa". Lasisi ne ya haɗa su, ba katanga ba.

Na Sakkwato:
Hajiya, ban ƙi taki ba, amma ina da magana a kan ita "sukuwa". Tseren da ake yi a Maine ba na hawa ba ne. Doki ke jan ƙaramin keke mai ƙafa biyu, mutum ɗaya a zaune a baya da linzami, ƙafafunsa a miƙe. Nisan tseren mil ɗaya ne, filin Bangor kuwa rabin mil ne, saboda haka zagaye biyu ake yi. Doka ta hana dokin ya yi sukuwa. Ko dai sassarfa, ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu suna tafiya tare, ko kuma taku irin na raƙumi, ƙafafun gefe ɗaya suna tashi tare, har akan sa wa doki wasu madaurai a ƙafafu don kada ya sauya taku. In ya ɓalle da sukuwa, dole mai tuƙi ya ja shi gefe ya rage gudu har ya koma takunsa, in ba haka ba a mayar da shi baya a sakamako. To ta yaya za mu kira wurin da aka haramta sukuwa "filin sukuwa"? Ni "filin tsere" na fi so.

Kuma kada mu yi kamar dawakin ƙarya ne. Kuɗin injin yana isa barga. Kyautar tsere ita ce ke biyan mai horarwa, da mai tuƙi, da likitan dabbobi, da maƙerin da ke sa takalmin doki, da manomin da ke sayar da ingirici.

Bakano:
Allah ya gafarta Malam, bayaninka kan taku ya yi daidai, amma "filin sukuwa" ya riga ya zama sunan wuri. A Kano haka ake kiran filin da ke Nasarawa, ko ana tsere ko ana buga ƙwallo ko ana taro. Mai karatu na jin sa, zai ga dawaki. "Filin tsere" kuwa zai iya zama na mutane ko na kekuna ko na motoci, sai an ƙara "dawaki", kalma ta yi tsawo. In labarin ya kai ga irin tseren, a ce "tseren keken doki" a wurin. A sunan ginin a bar sukuwa.

"Rasino" ma ba na so. Muna aron kalma ne idan abin ya shigo hannunmu har baki ya saba da sunansa, kamar mota da rediyo. Wannan abu bai zo mana ba, ko a Amurkan ma 'yan jarida da 'yan majalisa ne suka fi faɗar kalmar. Bahaushe in ya ji "rasino" ba abin da zai gane, ga shi kuma ta rufe kalmar caca. Su kamfanonin ma da gangan suke kauce wa kalmar caca a yarensu, su ce "wasa" ko "nishaɗi". Mu kada mu taya su. Wanda ya san hukuncin caca a addini yana da haƙƙin ya ji sunanta ƙarara.

Bazazzagiya:
Ga lissafin da zai nuna wanda ke ɗauke da wani. A dokar Maine, injin dole ya mayar wa 'yan wasa aƙalla kashi 89 cikin 100 na abin da aka zuba, a jimlace. Mai jin haka zai ce ai 11 kawai ake ci. Amma a cacar doki, inda akan cire kamar kashi 15 zuwa 25, sai an jira kusan kwata ko sulusin awa tsakanin tsere da tsere, a yi goma ko makamancin haka a tashi, kuma ba kullum ba, don sanyin Maine ba ya barin a yi tsere duk shekara a Bangor. Injin kuwa ana iya danna shi sau ɗari shida a awa, dare da rana, rani da damina. Mai sa dala ɗaya a kowane danni ya juya dala 600 a awa. Kashi 11 na wannan dala 66 ne. Abin da ya ci yana sake mayarwa ciki, don haka dala ɗarin da ya shigo da ita ba ta daɗewa.

Daga abin da ya rage wa gidan bayan an biya waɗanda suka ci, jiha tana karɓar kashi 39. Yadda dokar ta tsara tun farko, 10 na kyautar tsere ne, 3 na asusun kiwon dawakin jihar, 4 na tallafa wa filayen tsere, 3 na bukukuwan baje kolin noma, 10 na asusun lafiya, wani abu na kuɗin karatun ɗalibai, garin da ya karɓi baƙuncin ginin kuma kashi 1. Bangor tana samun ƙari ta yarjejeniyarta da kamfanin, da hayar filin tseren tunda na gari ne, da harajin gini.

Da kuɗin nan garin ya yi abin a zo a gani. Ya rushe tsohon zauren taronsa na 1955, ya gina sabo mai suna Cross Insurance Center a kan dala miliyan 65, aka buɗe a 2013. Matsalar ita ce bashi aka ci, na shekaru masu yawa, kuma kuɗin biyansa tsayayye ne kowace shekara, alhali kuɗin caca yana hawa yana sauka. A 2012 aka buɗe wani gidan caca a Oxford, kusa da kudancin jihar inda jama'a suka fi yawa, cinikin Bangor ya ragu. A 2020 annobar korona ta rufe wurin na watanni. Mai bin bashi bai san wannan ba. Duk gibin da aka samu, daga wani aljihun gari za a cike shi.

Sai batun kasuwar gari. Irin wannan gini an tsara shi ne don kada baƙo ya fita. Daga benen mota ya shiga zaure, abinci na ciki, ɗakin kwana na sama. Mai shagon da ke tsakiyar gari yana ganin motoci na wucewa, ba lallai ya ga masu su ba. Kuma ƙaramin garin da ba ya jan baƙi daga nesa, yawancin masu wasan mutanen yankin ne. Kuɗin da za su kashe a shago ko gidan abinci ne ya sauya hanya. Tambayar farko da majalisar gari ya kamata ta yi wa mai tayi ita ce: cikin masu shigowa, nawa ne za su zo daga nisan da ya wuce tafiyar awa ɗaya?

Ɗan Damagaram:
To ga tawa shawarar: gidan caca-da-sukuwa. Hausa tana da wannan ƙirar, kamar hukumar shige-da-fice, ko saye-da-sayarwa. "Da" ɗin ta nuna abubuwa biyu ne aka haɗa, ba caca a kan sukuwa ba. Caca ta zo farko, kamar yadda Hajiya ta nema. Jam'i ba wahala: gidajen caca-da-sukuwa. Ta kuma shiga kanun labari.

Na Sakkwato:
Na karɓa, da sharaɗi ɗaya. Ranar da dawaki suka tafi, a cire musu suna. Domin hakan na faruwa. Da zarar injin ya kafu, tseren ya koma nauyi a wuyan kamfani: gyaran fili, barga, ma'aikata, ga 'yan kallo ƙalilan. Sai ya koma majalisa ya roƙi a cire masa sharaɗin yin tsere a bar masa lasisin caca. A Florida an yi haka a 2021, filin Pompano Park ya yi tseren keken dokinsa na ƙarshe a Afrilun 2022, cacar kuma ta ci gaba. Irin wannan wuri gidan caca ne kawai. Shi kuma matakin a kira shi "raba lasisin caca da tsere". Masu dawakin da suka yi wa kamfani yaƙin neman ƙuri'a su ne suka fara rasa abincinsu.

Bazazzagiya:
Bari mu gwada ta a jimla, da labarin Biddeford, gari mai mutane dubu ashirin da 'yan kai a kudancin Maine. Garin masaƙu ne, ta ƙarshe ta rufe a 2009. Sai a rubuta: "A 2010 mutanen Biddeford sun amince a gina gidan caca-da-sukuwa na kimanin dala miliyan 120, inda filin tseren Scarborough Downs zai ƙaura zuwa garin, amma a Nuwamban 2011 ƙuri'ar raba gardama ta jiha ta yi watsi da shirin." Ta zauna daidai, kuma mai karatu ya san abin da aka ƙi.

Abin da ya biyo baya ya cancanci shiga labarin. A wannan zaɓen ne Alan Casavant ya kayar da magajiyar gari Joanne Twomey, wadda ta tsaya wa shirin. A 2012 garin ya sayi masana'antar ƙona shara da ke tsakiyarsa a kan dala miliyan 6.65, ya rufe ta, aka rushe. Wari da jerin motocin shara su ne suka daɗe suna korar masu zuba jari. Da suka kau, aka shiga mayar da tsoffin gine-ginen masaƙu gidajen haya da shaguna da gidajen abinci. Hakan ma ya zo da nasa ciwon, don kuɗin haya ya tashi, masu ƙaramin ƙarfi suna ji a jikinsu. Shi kuwa Scarborough Downs, da bai samu injuna ba, ya yi tserensa na ƙarshe a Nuwamban 2020, filin mai eka kusan ɗari biyar ana gina gidaje da kantuna a kai.

Bakano:
Ƙarin gyara ɗaya wajen rubutu. A ambaton farko a warware ta: "gidan caca-da-sukuwa, wato gidan injinan caca da lasisinsa ke ɗaure da filin tseren dawaki". Daga nan a ci gaba da gajeriyar. A riƙa sa karan ɗori biyun nan, don in aka rubuta "gidan caca da sukuwa" a sake, a jimla kamar "majalisa ta hana gidan caca da sukuwa", za a ɗauka abubuwa biyu aka hana. A rediyo kuma a faɗe ta da numfashi ɗaya, ba tsayawa bayan "caca".

Bakatsine:
Na gode, malamai, Allah ya ƙara sani. Na ɗauki gidan caca-da-sukuwa. Na jihohin Iowa da West Virginia da aka kafa a filayen tseren karnuka fa? A nan "sukuwa" ba za ta yi ba, sai dai mu ce gidan caca-da-tseren-karnuka, in ba wanda ke da wadda ta fi ta gajarta.